Tauren da Ya Jira Ni Kwana Huɗu

Tsakanin gidanmu da gidan da ke bayanmu a unguwar Nassarawa akwai wata 'yar ƙofa ta ƙarfe a jikin katanga, wadda babba ba ya wucewa sai ya sunkuya. Babana ne ya sa aka fasa ta tun kafin in yi wayo. A unguwa irin tamu, in za ka gidan maƙwabcin da ke bayanka ta titi, sai ka zagaye layi guda, ka tsaya a get, ka jira maigadi ya gama leƙenka ta ɗan rami. Baba ya ce wannan ba maƙwabtaka ba ce, ziyarar ofis ce. Ya kirawo magini aka fasa.

Mai gidan bayan namu ma'aikaciyar jinya ce, ungozoma, mutuniyar Filato, Kirista. Duk layin Sista ake ce mata, mu yara kuwa Mama Sista. Ita ta karɓi haihuwata, kuma ba ta taɓa bari na manta ba. Ko bayan na yi gemu na yi aure, in na ɗan ɗaga mata kai sai ta ce, "Kai, ni na fara ganinka a duniya, kuma ba ka da kyau ranar." Tun ina ƙarami duk lokacin sanyi sai wani busasshen tari ya kama ni, ita ce kuma take haɗa mini zuma da citta da lemon tsami a kwalba ta aiko. Mijinta ma'aikacin safiyo ne, mai auna filaye, mutum shiru-shiru, ya rasu ina jami'a. 'Ya'yanta uku duk sun watse, ɗaya a Jos, biyu a ƙasar waje, suka bar ta ita kaɗai a ƙaton gida da bishiyoyin mangwaro.

Kowace shekara, kwana biyu ko uku kafin Kirsimeti, sai mu ji kukan taure a bayan katanga. Ita da kanta take zuwa kasuwa ta zaɓo shi, ta matsa bayansa, ta buɗe bakinsa ta duba haƙora kamar ya zo awo asibiti. Ranar jajibere kuma, wato ashirin da huɗu ga Disamba, da safe bayan an karya, Baba zai ɗauko wuƙarsa ta layya, ya zauna a bakin baranda ya wasa ta a kan dutse, ya gwada kaifinta a gashin hannunsa, sannan ya naɗe hannun riga ya sunkuya ya shiga ta 'yar ƙofar. Ni ina biye da buta.

Kafin mu isa an riga an haƙa ramin jini a gindin mangwaro. Mama Sista ta san alƙibla a tsakar gidanta sarai, ba ta taɓa bari an haƙa ramin a karkace ba. Kuma kowace shekara sai sun yi wasan nan nasu, kalma ɗaya ba ta canzawa.

"Alhaji, ka yanka kawai, kada ka musuluntar mini da taure."

"Haba Sista, ɗan Jigawa ne fa, Musulmi ne tun asali. Ke ce dai kika so ki kai shi coci, Allah ya taimake shi na zo."

Sai su yi dariya kamar yau suka fara jin maganar. Baba ya yi bisimilla ya yanka, na zuba masa ruwa ya wanke hannu. Wuya rabon mai yanka ne, saboda haka kafin azahar an kawo mana shi a kwano, Hajiya mahaifiyata ta yi wa Baba farfesu.

Na taɓa tambayarsa, lokacin da na fara jin ni ma na san wani abu, me ya sa sai shi zai yanka, alhali an karantar da mu cewa abincin ma'abota littafi halal ne. Ya ce, "Na san hukuncin, ita ma ta sani. Amma gida tara take kai wa abinci, kuma ba kowa ne zai ci da natsuwa ba. In na yanka, na cire wa gida tara wasiwasi, ita kuma na cire mata kunyar a dawo mata da kwano." Ya ci gaba da wasa wuƙarsa.

Ranar Kirsimeti, da ta dawo daga coci a Sabon Gari, sai a fara fito da tire-tire. Dafa-duka ja jawur, soyayyen nama, farfesun kayan ciki, cincin a leda, ga gwaten acca irin na garinsu, wanda ba na so ina yaro, yanzu kuwa nemansa nake ban samu. Kowane tire an rufe shi da farin kyallen da ta saƙa wa baki da hannunta. Ita take jera su a bayan tsohuwar motarta ta tuƙa da kanta, get bayan get, a kowanne kuma magana ɗaya take faɗa wa maigadi: "Daga gidan Sista, yankan Alhaji ne." Shi ke nan, ba mai ƙara tambaya. Mu kuma da Babbar Sallah cinyar ragon Baba guda ba a taɓa ta, tata ce. Haka na taso na gani, ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba.

A shekarar Baba ta ƙarshe hannunsa na dama ya fara karkarwa, bayan ciwon da ya taɓa shi. Kofin shayi ma da hannu biyu yake riƙewa. Na ce masa ya bari a kira mahauci, ya kalle ni kamar na zage shi. Muka shiga tare. Lokacin ina da shekara talatin da takwas, da mata da 'ya'ya biyu, amma har yanzu ni ne mai buta. Da aka kwantar da tauren sai ya miƙo mini wuƙar, ya ɗora hannunsa mai rawa a kan nawa, ya ce in yi bisimilla. Na yanka, hannunsa a kan nawa. Da muka miƙe ya ce, "To Sista, kin ga sabon mai yankanki. Daga bana nasa ne." Ta ce, "Na gani, Alhaji. Na karɓa." Ranar a hannuna ta ba ni wuyan. Baba ya rasu da damina.

Zan faɗi abin da ya biyo baya ba tare da na yi wa kaina kwalliya ba. Ba wani malami ne ya buɗe mini littafi ya sauya mini ra'ayi ba. Da haka ne, da na sami abin fakewa. Dariya aka yi mini, dariya kawai.

A ƙofar masallacin unguwarmu akwai benci biyu inda ake ɗan zama bayan La'asar. Bayan rasuwar Baba aka sa ni a kwamitin masallaci a gurbinsa, abin kuwa ya shiga kaina sosai, har sabbin huluna na saya. Cikin masu zaman akwai wani Alhaji da bai daɗe da tarewa a unguwar ba, ya sayi tsohon gida ya rushe ya gina bene. Mutum ne mai barkwanci, in ya buɗe baki kowa ya shirya dariya tun kafin a ji me zai ce. Wata rana cikin Disamba, ina sa takalmi, sai na ji ya ce:

"Jama'a, Limamin Kirsimeti dai Allah ya yi masa rahama, amma ga na'ibinsa nan. Malam, an fara wasa wuƙa?"

Benci biyu suka kwashe da dariya. Na san ba da mugunta ya faɗa ba, kuma rabin masu dariyar nan sun ci naman Mama Sista shekara da shekaru. Da Baba ne, cewa zai yi, "An fara, kuma kai ba za a ba ka ba," a wuce wurin. Ni kuwa ba haka na yi ba. Na ji bakina yana cewa, "Haba Alhaji, ai wannan na tsofaffi ne, sun tafi da abinsu." Wani ya ce madalla. Na tafi gida ina jin na fita kunya.

Ranar ashirin da biyu na ji kukan taure a bayan katanga. Da yamma Mama Sista ta shigo auna jinin Hajiya, kamar yadda ta saba yi sau biyu a mako, muka yi kiciɓis a baranda. Ta ce, "Na sayo shi. Baƙi ne mai farar ƙafa, yana da ƙarfi, sai ka ci tuwo sosai kafin ka zo." Na ce, "Allah ya kai mu, Mama." A nan ya kamata in buɗe baki. Ko in ce ba zan iya ba ta nemi wani, tunda akwai kwana biyu a gaba, ko kuma in tsaya kan maganar Baba in bar masu benci su yi dariyarsu su gaji. Ban yi ko ɗaya ba, na nemi hanyar zillewa.

Dabarar tawa mai sauƙi ce a ganina. Ranar jajibere in fita da sassafe, a ce mata aiki ya taso na yi tafiya. Za ta ɗan ji haushi, ta sa a kira mahauci ko maigadinmu ya yanka, da yamma in dawo in ba da haƙuri. Ban yanka ba, ban kuma ƙi ba, kowa ya huta. Na gaya wa matata abin da za ta ce. Ta ce, "Ni fa ban iya ƙarya ba." Na ce ai ba ƙarya ba ce, fita zan yi da gaske. Ashe Hajiya tana jin mu daga ɗakinta. Ta kira ni ta ce, "Ni ba zan yi maka ƙarya ba, ba kuma zan tona ka ba. Amma ka sani ina kallonka."

Na tafi gidan wani abokina a Giginyu, na zauna ina shan shayi ina duba agogo. Wajen azahar matata ta bugo. Da gaskiyarta, ba ta iya ƙarya ba. Mama Sista ta shigo ƙarfe tara ta tambaye ni, matata ta ce mata na tafi Kaduna. Ta ce yaushe zan dawo. Maimakon ta ce da yamma, ruɗewa ta sa ta ce sai bayan kwana huɗu.

Na ce, "To an dai yanka?"

"Ba a yanka ba. Hajiya ta ce mata ga maigadi nan, ko a aika a kira mahauci. Ta ƙi."

"Ta ƙi kamar yaya?"

"Cewa ta yi a gabanta Baba ya damƙa maka wuƙar. In ta ba wani a shekarar farko ta raina ka, kuma mutane za su ce ba ta yarda da hannunka ba. Ta ce taure ba ya lalacewa da ransa, za ta jira ka."

Kun san abin da na fara ji? Haushi. Na yi wa matata faɗa kan kwana huɗun, sannan na zauna ina mita a raina cewa wace irin tsohuwa ce wannan mai taurin kai. Daga Giginyu zuwa gida tafiyar minti goma ce. Da na tada mota na ce an fasa tafiyar, da kafin La'asar an feɗe taure. Amma na tuna benci, na tuna "sun tafi da abinsu" da na faɗa da bakina a gaban mutane, na tuna Alhajin nan zai ga tire a gidansa ya ji yankan wa aka ce. Sai na bar motata a gidan abokina don kada ta ji ƙararta, na hau adaidaita sahu bayan Magariba, na sauka layi guda kafin namu na ƙarasa a ƙafa. Maigadinmu, dattijo ne ɗan Katsina da ya fi shekara ashirin tare da mu, ya buɗe mini ƙaramar ƙofa ya kalle ni tun daga hula har takalmi. Ya mayar da ƙofar ya rufe.

Haka na zama ɗan fursuna a gidan ubana. Allah ya sa yaran suna hutu a gidan kakarsu ta wajen uwa a Tudun Wada, da cikin awa ɗaya sun tona ni. Sashena kuwa shi ne wanda ke manne da katangar baya, kuma a gindin mangwaron nan aka ɗaure tauren, bai fi taku goma daga tagata ba. Ban taɓa sanin dabba tana iya kuka haka ba. Da safe ya yi, da rana ya yi, in ya ɗan yi shiru har na fara samun natsuwa sai ya sake ɗaukowa. Masallaci ya gagare ni, domin hanyar ta gaban get ɗinta take bi, ita kuma da yamma a nan take sa kujera. Ni da na guje wa taure saboda mutanen masallaci, sai ga ni ina salla biyar a ɗaka, ina jin ana tada iƙama a lasifika. Ga tarina na sanyi ya taso, dole in ya zo in danna fuska cikin filo.

Ranar Kirsimeti na ji fitar motarta da safe, na ji dawowarta wajen sha biyu. Na zauna ina jiran ƙamshin nan da na sani tun ina yaro, na albasa da nama a cikin mai, wanda yake tsallako katanga ya cika mana gida. Shiru. Motar ba ta sake fita ba. Da La'asar na ji maigadinmu yana tambayar Hajiya a tsakar gida, "Hajiya, bana lafiya kuwa? Masu gadin layi suna ta tambayata." Ashe ba masu gida kaɗai ke jiran tiren nan ba, ni ban taɓa tunanin haka ba. Hajiya ta ce masa, "Mai yankan ne ya yi tafiya," da ƙarfi, yadda zan ji.

Gidanmu kaɗai ta aiko wa abu, cincin da ɗan kwanon gwate, ba nama. Hajiya da kanta ta ɗauko, ita da ba ta cika tako sashena ba, ta ajiye a gabana ta ce, "Ci." Sannan ta gaya mini abin da ban sani ba. 'Yar Mama Sista ta Jos ta yi ta roƙonta ta je can ta yi bikin da jikoki, ta ƙi, ta ce in ta tafi wa zai ciyar da layi, kuma bana ce shekarar farko ta yaron Alhaji, ba za ta bar shi da wuƙa a hannu ba. Ranar shinkafa da kifi ta ci, ita kaɗai a gaban talabijin. Hajiya ta gama faɗa ta fita. Na ture kwanon gefe.

Washegari ranar awon jini ce. Da na ji ƙarar 'yar ƙofar sai na shige banɗaki na kulle, ƙato da ni, ɗan kwamitin masallaci, na zauna a bakin baho ina toshe baki da tawul. Ina jiyo su suna hira da Hajiya, har da dariya. Bayan ta tafi matata ta ƙwanƙwasa, na buɗe, ta miƙo mini kwalba. Zuma ce da citta da lemon tsami.

"Ta ce a ba matafiyi, cokali biyu safe da yamma. Ta ce iskar Kaduna ba ta karɓe shi ba, tun shekaranjiya take jin tarinsa."

Na riƙe kwalbar na rasa inda zan sa kaina. Matar da ta shekara talatin da wani abu tana sauraren tarin nan, ni ne zan ɓoye mata shi da filo. Ke nan tun yammacin jajibere ta san ina gida. Da safiyar Kirsimeti, lokacin da take ɗaura ɗankwali za ta coci, ta san ina bayan katanga. Duk da haka ba ta kira mahauci ba, ba ta kuma aiko a ce in fito ba. Matata ta ce tun ranar ba ta sa wa 'yar ƙofar sakata ta ɓangarenta ba, a buɗe take barinta.

Wani zai ce to ai daga nan sai in ɗauki wuƙa in shiga. Ban shiga ba. Da farko tsoron dariya ne ya hana ni, yanzu kuwa kunya ce, kuma ta fi tsoron nauyi. Da wane ido zan kalle ta? Na sha maganin dai, cokali biyu safe da yamma, ya kuma yi mini aiki. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Da kwana huɗun suka cika na koma Giginyu na ɗauko motata, na zo get ina danna hon kamar wanda ya sha hanya. Kowa ya san wasan kwaikwayo ne, har maigadi, amma na yi shi har ƙarshe. Na ƙudurta gobe da safe zan shiga in yanka in ba da haƙuri. Ba ta jira goben ba. Bayan La'asar na ji ƙarar 'yar ƙofar, na fito baranda, sai ga ta ta sunkuyo tana jan igiya, tauren yana tirjewa a bayanta. Baƙi ne mai farar ƙafa, kamar yadda ta ce. Ranar na fara ganinsa.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Sannu da hanya. Ya tarin?"

"Da sauƙi, Mama."

"To ga shi. Ya ƙi cin dusa, sai ramewa yake. A yi wa Alhaji sadaka da shi."

"Mama, bari in ɗauko wuƙar yanzu-yanzu in yanka miki, gobe a dafa a raba."

"A raba a ce na me? Ranar ta wuce, ɗana. Shi kuwa Alhaji kowace rana aka yi masa ta yi."

Ta sa mini igiyar a hannu, ta shiga wajen Hajiya. Na so ta zage ni. Na so ta ce ita ta yanke mini cibiya kuma ga sakayyar da na yi mata, in sunkuyar da kai in sha faɗa in ji sauƙi. Ko kallon banza ba ta yi mini ba.

Da safe na yanka shi a tsakar gidanmu da wuƙar Baba. Aka dafa da shinkafa, aka kai ƙofar masallaci bayan La'asar a matsayin sadakar Baba. Masu benci suka ci suka yi masa addu'a. Alhajin nan mai barkwanci ya suɗe hannu ya ce, "Allah ya ba mu 'ya'ya irinka, masu tuna iyaye." Na ce amin. Ban faɗi daga inda tauren ya fito ba. Wannan ma ina ɗauke da shi har yau.

Da shekara ta zagayo na shirya tun da wuri. Alhajin ya sake tsokanata a benci, ya ce na'ibi an fara wasa wuƙa? Na ce, "An fara, kuma kai ba za a ba ka ba." Aka yi dariya, shi ma ya yi, wani ya kawo zancen ƙwallo aka wuce. Abin da na ɓuya kwana huɗu saboda shi bai ɗauki minti ɗaya ba.

Ranar jajibere bayan an karya na zauna a bakin baranda na wasa wuƙar a dutsen Baba, na gwada ta a gashin hannuna, na naɗe hannun riga na sunkuya na shiga. Tauren bana yana rataye a reshen mangwaro, an riga an feɗe shi. Wani mahauci daga kasuwa yana tsugune yana wanke hannu. Mama Sista tana zaune a kujera tana yanka albasa.

Na ɗaga wuƙar kamar sakarai na ce, "Mama, ai na zo."

Ta ce, "Na gani. Na ɗauke maka ne, ɗana. Kai ma kana da mutanenka, ba na so in sake sa ka tafiya."

Ba da gatse ta faɗa ba, da gatse ne da ya fi mini. Ta sa mahaucin ya ware wuyan, ta ba shi wani yankin a madadinsa, ta sa mini a kwano ta ce wannan na gidan Alhaji ne. Na koma ta 'yar ƙofar da kwano a hannu ɗaya, wuƙa fes a ɗayan. Hajiya ta dubi wuƙar, ta dubi kwanon.

Washegari tire-tire sun fita, amma maganar nan guda ɗaya ta "yankan Alhaji ne" ta tafi. A kowane get sai ta tsaya ta yi bayani, cewa mahauci ne daga kasuwa, Musulmi ne, a gabanta ya yi bisimilla. Gida shida suka karɓa. A gida uku maigadi ya shiga ya fito ya ce masu gidan sun yi tafiya. Ta dawo da tire uku a bayan mota, a rufe da farin kyallensu, ta raba wa masu gadi. Abin da Baba ya shekara talatin yana tare mata ke nan.

Bayan shekara biyu 'yarta ta ci nasara, Mama Sista ta koma Jos. Aka sayar da gidan, sabon mai shi ya toshe 'yar ƙofar da bulo ta ɓangarensa. Ta ɓangarenmu ƙarfen yana nan, in ka buɗe sai ka ga bango.

Duk Kirsimeti ina buga mata waya. Kafin in gama gaisuwa take tambayar tarin. Bara na yi niyya tun da safe, na ce yau sai na faɗa, ko da bayan shekaru ne. Da muka gaisa na ce, "Mama, shekarar nan da aka ce miki na tafi Kaduna..."

Ta katse ni. "Ai ka dawo lafiya. Kana shan zumar kuwa?"

Na ce ina sha.